Ƙafar Kawu Isufu

A Garwa-Bulai, garin da ke bakin iyakar Kamaru da Afirka ta Tsakiya, na rasa jakata. Ba fizge aka yi ba. Ni na miƙa ta da hannuna ga wani mutum mai fara'a da ya ce shi ɗan kamasho ne, zai kama mini wuri a gaban wata babbar mota da za ta bi ayarin Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya. Hausarsa tas, har yana tambayata mutanen unguwarmu Birni, wai ya taɓa zama a Damagaram. Na tafi alwala na dawo, motar tana nan, direbanta bai taɓa ganinsa ba. Tufafina na ciki, da 'yar rikodar da na adana shirye-shiryena na rediyo. Waya da fasfo kaɗai suka tsira, don suna aljihuna.

Na kira Kawu Isufu, ƙanin mahaifiyata, wanda wurinsa na nufa. Ya bar Damagaram tun ba a haife ni ba, muryarsa kawai na sani.

Na ce, "Kawu, an cuce ni."

"Kul! Kada ka ƙara. Ka ce an rage maka kaya."

"Kawu, jakar gaba ɗaya fa."

"To madalla. Da wane hannu za ka karɓi abin da ke jiranka a nan, in kana rungume da jaka? Shigo hannu sake, Mutari. Alheri na gaba."

Ya kashe waya yana dariya. Na tsaya a gindin motar ina kallon wayar, na ce a raina ko dai mutumin nan waliyyi ne, ko kuwa bai ji abin da na faɗa ba.

Ya kamata in faɗi irin mutumin da nake a lokacin. Na yi shekaru ina karanta labarai a wani ƙaramin gidan rediyo mai zaman kansa, har ranar da aka rufe shi. Wanda ya koya mini aikin yana da magana guda da yake maimaitawa: me ya faru, a ina, ga wa, sannan ka yi shiru. Kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka sa wa labari zuma. Wannan tarbiyya ta bi jikina har ta fita daga ɗakin watsa shiri ta shiga gaisuwata. In aka ce mini ina gajiya, sai na yi tunani kafin in ce babu.

Direban da aka yi damfarar da sunan motarsa Bafulatanin Ngaundare ne. Ya ji kunyar abin, ya ce in hau bisa lodin siminti, ba zai karɓi komai ba. A haka na shiga ƙasar, cikin jerin manyan motoci da sojoji ke rakiya, ina riƙe da igiyar tamfol. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Mu mutanen yashi ne, itace a wurinmu abin ƙirgawa ne, a nan kuwa daji ya rufe hanya hagu da dama kamar bango. Bayan garin Buwar ruwa ya same mu, irin ruwan da ba ya yin gargaɗi, ya jiƙa rigar da ta rage mini. A wani ƙauye da ayarin ya tsaya, wata tsohuwa mai sayar da abinci ta gan ni ina karkarwa. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci. Ta zuba mini gozo, wato tuwon rogo, da miyar ganyen rogo, ta ture hannuna da na nufi aljihu. Direban ya koya mini kalmata ta farko a Sango, yaren ƙasar, a wurin: singila, na gode. Da na gaya wa Kawu ta waya, sai ya ce, "Ka gani? Tun ba ka iso ba sun fara biyanka jakarka."

Shagonsa yana kan Titin Kuduku, a tsakiyar unguwar Kilomita Biyar ta Bangi, inda ƙarar babura da kiran masu canji ba sa yankewa. Kwanon rufi yake sayarwa, da ƙusa, da fenti, da kwaɗo, siminti kuma yana sito. Ƙato ne, farin gemu, in ya yi dariya sai kwanukan da ke jingine su amsa. Ya rungume ni, ya ɗaga hannuna sama ya nuna wa maƙwabta.

"Ga ɗan 'yar'uwata, jurnalis! Ya zo daga Damagaram ko allura bai ɗauko ba, don ya san gidan da zai zo."

Daga ranar sunana ya zama Jurnalis, wato ɗan jarida.

Shagon na da dokoki, kuma duk na safe ne. A share, a yayyafa ruwa, a kunna turare. Kafin cinikin farko ba a faɗin mummunar magana, ko ta mutuwa ce sai ta jira. Mai cinikin farko kuwa ba a mayar da shi. Duk abin da ya nema, duk yadda ya taya, sai an sallama masa, don Kawu ya ce shi ne ke buɗe ƙofar da sauran za su bi. Akwai kuma kalmomin da ba su da izinin shiga shagon ko da rana tsaka. Ba a cewa babu, sai dai yana hanya. Ba a cewa an yi asara, sai dai an yi sadakar da ba a shirya ba. Ranar da na ce wa wani magini ƙusa mai inci huɗu ta ƙare, Kawu ya jira ya fita, ya kama kunnena a hankali kamar ƙaramin yaro.

"Abin da ka kira shi ke amsawa, Jurnalis. Ka kira babu, babu ta ji sunanta, ta shigo ta nemi kujera."

Da farko na ɗauki abin wasan dattijai. Alhaji Jibrin mai atamfa, wanda shagonsa ke manne da namu, shi ya gyara mini tunani. Ya ba ni labarin shekarun rikici, lokacin da unguwar ta zama kamar garke, ba shiga ba fita, mutane suna hawa manyan motoci suna barin gidajen da aka haife su. Ya ce babu safiyar da Kawu bai buɗe shago ba. Kantoci wayam, ba ko ƙusa ɗaya, amma zai share, ya kunna turare, ya zauna a ƙofa yana ce wa duk mai wucewa masu saye na hanya.

"Mun ce ya zautu," in ji Alhaji Jibrin. "Amma wallahi, ni dai, in na leƙo na ga ƙofar nan a buɗe, sai in fasa ɗaure kaya. Da yawanmu ƙofar Isufu ce ta riƙe mu. Ga shi kuwa masu sayen sun zo."

Tun daga nan ban ƙara yi wa dokokin dariya ba. Mutumin da fata nagari ya fitar da shi daga irin wannan rami, ba ka da bakin ce masa fata ba ya aiki.

Ni ma ya yi mini aiki. Watannin farko kewar gida ta kusa kayar da ni. Ruwa kullum, gozo kullum, yaran gidan suna amsa Hausata da Sango suna dariyar yadda nake jan magana kamar mai sanarwa. Na rame. Ban gaya wa kowa ba, amma wata rana na dawo gida na tarar da ƙwarya a rufe da faifai. Fura ce ta gero. Kawu ya sa wani direba ya taho masa da geron daga Garwa ta arewacin Kamaru, matarsa Inna Zara ta daka, ita da aka haifa a bakin kogin Ubangi, ba ta taɓa dama fura ba sai da ta tambayi maƙwabta. Ta yi tsami fiye da kima. Na shanye ta tas, na juya baya don kada a ga idona.

"Ya ka ji ta, ɗana?" in ji Inna.

"Kamar a gida, Inna."

Kawu ya tafa hannu. "Ya fara koyo!"

Babban ɗansa Abdulaye, mai haya da babur, yana da tasa sigar ta zamani. Wayarsa cike take da bidiyon wasu masu kwat da ke cewa da Faransanci duk abin da ka sa a ranka shi duniya za ta turo maka. Yakan kunna wa uban, yana fassara masa da Sango. Kawu ya saurara ya ce, "Waɗannan sai yanzu suka ji? A ce su zo Kilomita Biyar in ba su sauran." Ni kuma na wayi gari ina ce wa masu saye yana hanya, ba tare da harshena ya yi nauyi ba. Na yi ƙiba. Na fara aika wa mahaifiyata abin cefane. Ba zan ce zaman bai karɓe ni ba.

Ana tsakiyar damina Kawu ya taka ƙusa. Wani kwali ne ya fashe a bayan kanta, ƙusar ta huda silifa ta shiga ƙarƙashin babban yatsansa na dama. Bai ma ji ba, sai da Abdulaye ya ga jini a ƙasa. Kawu ya zare ta, ya duba, ya mayar da ita cikin kwali.

"Ba ta lanƙwashe ba, za ta sayu."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Na san yana da ciwon suga, don na ga yadda Inna ke ɓoye masa gwangwanin madara, amma a gidan ba a kiran ciwon da sunansa. Baƙo ake ce masa. Baƙon Alhaji ba ya son zaƙi, shi ke nan.

Abin da na fara lura da shi safa ce. Mutumin da ban taɓa gani da safa ba ya fara sa ta a ƙafa ɗaya, cikin zafin Bangi. Sai alwala: ya daina wanke ƙafar, yana shafa a kan safar. Sai turare: kasko ɗaya ya zama biyu, kuma ba da safe kaɗai ba. Daga baya ƙudaje suka gano abin da turaren ke rufewa. Wata azahar, a bayan shago, na same shi yana sauya tsumma. Yatsan ya yi baƙi kamar gawayi, na kusa da shi ya fara bin sahu.

"Kawu, wannan fa?"

"Da sauƙi. Ko zafi ba ya yi. Ciwon da ba ya zafi ai ya kama hanyar tafiya."

A ranar aka aike ni kai kwano wani ɗan ƙaramin ɗakin shan magani da ke wajen unguwa, bayan gada. Mai wurin, Madam Filomen, ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, tsohuwar mai cinikin Kawu. Da muka gama sauke kaya na kwatanta mata abin da na gani, dalla-dalla, yadda aka koya mini. Ta ajiye abin da ke hannunta.

"Ka ce ba ya jin zafi?"

"Ko kaɗan."

"Wannan shi ne mugun labarin. Suga ya kashe jijiyar. Ka ji ni da kyau, ɗan'uwa: yau yatsa ne, gobe ƙafa, jibi mutum. A kai shi babban asibiti, kada a tsaya wurina."

Na san ba a tunkarar babba kai tsaye da irin wannan, don haka na bi ta hanya. Na sami Inna tana tsince shinkafa, na ce mata ƙafar Kawu ta ba ni tsoro. Ba ta ɗago ba.

"Da sauƙi, ɗana."

"Inna, na gani da idona."

"Da sauƙi, in sha Allahu. Ka bar shi a hannuna."

Na sami Abdulaye yana wanke babur. Ya ce, "Jurnalis, kai matsalarka tunani mara kyau. Papa ya ga abin da ya fi ƙusa." Ya mayar da abin sauraro kunnensa.

Na auna abin yadda na saba auna labari. Ga gaskiya a hannuna, tabbatacciya, daga majiya mai tushe. Ga mutane biyu da na kai wa, duk sun ce da sauƙi. Na yanke cewa gidan gaba ɗaya ya rufe ido, kuma in ban faɗa da ƙarfi a inda ba za a iya share maganar ba, babu mai faɗa. Ban tsaya na tambayi kaina me Inna ke nufi da a bar shi a hannunta ba. Na ɗauka irin maganar da ake sallamar yaro da ita ce.

Washegari da safe an share, an yayyafa ruwa, turare na tashi. Alhaji Jibrin da wasu maƙwabta biyu suna kan benci da kofunan shayi. Ba a yi cinikin farko ba. Na san ba a yi ba. Na tsaya a gaban kanta, na ji muryata ta koma irin ta ɗakin labarai, a daidaice, ba hawa ba sauka.

"Kawu, ƙafarka ruɓewa take yi. Na tambayi ma'aikaciyar jinya. In ba a je asibiti yau ba, za a yanke ta."

Alhaji Jibrin ne ya fara magana.

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! A'uzu billahi. Yaro, da sassafe?"

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya dube ni, ya dubi kaskon turare, ya dubi ƙofar da mai cinikin farko bai shigo ba tukuna.

"Ka gama labaran?"

"Kawu, don Allah..."

"A shagon nan an yi harbi a ƙofa, ba a faɗi irin wannan ba. Ɗauki makullin sito. Daga yau can za ka zauna. Siminti ba ya jin magana."

Sito yana can ƙuryar kasuwa, bayan masu kayan gwari. A nan na zauna, ni da buhuna. Ba a kore ni daga gida ba, ba a rage mini abinci ba, amma labari ya zaga. Matan da ke sayar da gyaɗa a bakin layi suka daina amsa gaisuwata sai rana ta ɗaga. Wani mai waya ya roƙe ni, da ladabi, in daina bi ta gaban rumfarsa kafin ya yi ciniki. Jurnalis ya koma Mai Baki. A nan na fahimci ɗaya gefen abin da Kawu ya yi imani da shi. In fata nagari ke jawo alheri, to duk wanda ya yi gargaɗi shi ya jawo sharrin. Kuma na fahimci abin da ya fi wannan muni: yanzu Kawu ba zai iya zuwa asibiti ba. Zuwansa zai zama ya amsa kiran da na yi, a gaban mutanen da suka shaida cewa bai taɓa amsa irin wannan kira ba. Ya ci gaba da buɗe shago kullum, sai dai yanzu Abdulaye ke riƙe shi daga taksi zuwa kujera.

Wata ya kusa ƙarewa a haka, sai ga Inna a ƙofar sito, ita da ba ta shiga wannan ɓangaren kasuwa. Ta ƙi zama. Idanunta sun faɗa.

"Zazzaɓi ya fara. Baƙin ya wuce idon sawu."

Wannan ne karo na farko da na ji wani a gidan ya faɗi abu yadda yake.

"Inna, ai na gaya muku."

"Ka gaya mana." Ta gyara mayafi. "Kana tsammani ni ba ni da hanci? Ni ke wanke tsumman. Na yi kwanaki ina lallaɓa shi. Na ce masa akwai wani likita da ke son kwano mai yawa, mu je mu gaishe shi ranar Juma'a, in ya so ya duba mana baƙo a tsaitsaye. Ya yarda, Mutari. Har ya sa an goge masa babbar riga. Sai ka yi sanarwarka ranar Laraba."

Na ce, "Amma kin ce mini da sauƙi."

"To me ake cewa?"

Ba ta zo don faɗa ba. Ta ce in kai ta wurin matar nan ta bayan gada. Na kai ta. Suka yi magana da Sango, da sauri, ban kama rabi ba. Na dai ji Inna tana maimaita kalmar safe, Madam Filomen tana gyaɗa kai.

Da gari ya waye na laɓe a shagon Alhaji Jibrin, wanda ya bar ni don Inna ta roƙe shi. Ana gama kunna turare Madam Filomen ta shigo, da jakarta a hammata, kafin kowa. Da Sango suka yi, abin da ya wuce ni Alhaji Jibrin ya cike mini.

"Baba Isufu, an yi ciniki?"

"Ke ce farko, 'yata. Yau rana mai kyau ce."

Ta ɗauki kwaɗo ɗaya ta juya shi. "Wannan nake so. Da kuma rakiya."

"Rakiya zuwa ina?"

"Wurin abokan aikina. An ce ƙafar nan tana ta ƙoƙarin warkewa ita kaɗai, ba mai taimaka mata. Ba a barin ma'aikaci mai himma haka, Baba. A ƙara mata hannu."

Kawu ya daɗe yana kallonta. Gumi na bin gemunsa. Sai ya yi 'yar dariya, wadda ba ta kai ga kwanuka ba.

"Zara ce ta turo ki."

"Ni ce cinikin farko ko ba ni ba ce?"

Ya dubi benci, inda maƙwabta suka sunkuyar da kai cikin kofuna. Duk sun san dokar, shi ya kafa ta. Ba gargaɗi ya amsa ba, ciniki ya sallama.

"Abdu," ya ce, "tsayar mana da taksi. A naɗe wa Madam kwaɗonta."

A ƙasan gwiwa suka yanke. Madam Filomen ta gaya mini a barandar asibiti, ba tare da na tambaya ba, cewa da an zo a makon da na fara zuwa wurinta, da wataƙila yatsu kawai za a cire. Ta ce wataƙila. Na riƙe kalmar nan da kyau, don ita kaɗai ce rangwamen da na samu. Ta ƙara da cewa ƙafar hagu ma ba ta gamsar da ita ba, tana da sanyi, sai an riƙa dubawa a kai a kai, kuma ta san halin mutumin.

Abdulaye ya daina yi mini magana. A ganinsa, da na mutane da yawa a layin, na ce za a yanke, an kuma yanke, magana ta ƙare. Ban yi gardama ba. Wanda zai kare kansa sai ya ce ba bakina ba ne, jinkiri ne, sannan a tambaye shi wa ya jawo jinkirin. Na yanke shawarar komawa gida. Na je sallama da rana, lokacin ziyara.

Yana kwance kusa da taga, ya rame, zanen da aka rufa masa ya faɗa a inda bai kamata ya faɗa ba. Inna na gefe tana yi masa fifita. Na durƙusa.

"Kawu, ya jiki?"

"Da sauƙi, Jurnalis." Ya nuna wurin da haɓa. "An rage mini kaya."

Na so in yi dariya, ban iya ba.

"An ce za ka tafi. Ban kore ka ba."

"Na sani, Kawu."

"Na yafe maka. Ba da mugunta ka yi ba, haka aka koya maka. Amma bakinka na kamawa, wannan kowa ya gani." Ya lumshe ido, na ɗauka barci ne. Sai ya janye zanen daga ƙafar hagu, ya bar ta a fili. "To tunda yana kamawa, kada ka tafi da shi haka nan. Faɗi wani abu a kan wannan."

Na dubi ƙafar. Fatar ta bushe, farcen ya yi kauri, launinta bai yi mini ba. Duk abin da Madam Filomen ta faɗa yana kan harshena, a jere, yadda zan karanta shi. Na ɗaga kai na ga Inna ta daina fifita, tana kallona.

Na ce, "Wannan ƙafar mai arziki ce, Kawu. Ita za ta riƙa kai ka shago. Kuma tana da ƙawa a bayan gada, ba ta son mako ya wuce ba ta je sun gaisa ba. In dai ana kai ta, za ta ga jikokin Abdu."

Ban san ko gaskiya ba ne. Shi ne labari na farko da na taɓa bayarwa ban tabbatar ba.

"Amin," in ji Kawu. Ya shafa fuska da hannu biyu. "Zara, kin ji. Duk mako. Jurnalis ne ya faɗa, ba a wasa da bakinsa." Ya mayar da zanen, ya dube ni da irin fara'ar da ya tarbe ni da ita. "Ka gani? Ashe ka iya."

Na iya. A hanyar dawowa, bisa wata motar katako, daga Bangi har Garwa-Bulai, abin da nake ta juyawa ke nan. Maganar ba ta fi numfashi uku ba, ba ta da wuya, kuma tana bakina tun ranar Larabar nan.